Tafiyata Marwa da Baba Bitrus

Tun da na ajiye aikin kotu, da wuya a yi mako ba a tono mini zancen nan ba a majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Unguwar Mu'azu. "Malam Idi, wai yaya ne labarin zuwanku Kamaru da Baba Bitrus?" Na ba da shi gutsi-gutsi har na gaji, kowa kuma in ya tashi maimaitawa sai ya ƙara gishirinsa. Akwai ma mai rantsuwa cewa har Faransa muka je. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

A wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin masaƙun Kakuri a nan Kaduna suna kan ganiyarsu. In jiniyar canjin aiki ta kaɗa, sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an buɗe wa ruwa hanya. Ni a lokacin tafinta ne a kotun majistare, ina juya Turanci zuwa Hausa, in an samu Bafillace kuma in juya masa, domin mahaifiyata 'yar Adamawa ce. Gida ɗaya muke haya da Baba Bitrus, mutumin Kagoro, wanda ya shekara ashirin da wani abu a ɗakin injin saƙa, har injin ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu. Ran Sallah matarsa Mama Saratu ce ke taya iyalina suya, ran Kirsimati kuwa ni nake yanka musu akuya don kowa ya ci.

Babban ɗansu Ishaku direban babbar mota ne, yana kai dilolin atamfa Marwa a arewacin Kamaru. Wata tafiya bai dawo ba. Wasu mutum uku da suka gudo daga yaƙin Chadi da bindigoginsu suka tare shi a hanya suka harbe shi. Labari kawai aka kawo, da agogonsa. Bayan shekara ɗaya da rabi sai ga takarda da Faransanci ta hannun mai motar. Da aka karanta mana, ashe an kama ɗaya daga cikinsu, za a yanke masa hukunci, kuma dangin mamaci suna da damar zuwa su yi magana a gaban alƙalai.

"Malam, za ka raka ni," in ji Baba. Ba tambaya ya yi ba. "Can Fillanci suke ji, an ce. Ina so in ga an harbe shi da idona."

Na ɗauki hutun aiki, muka kama hanya.

A tashar jirgin ƙasa ta nan Kakuri muka shiga. Wanda bai hau jirgin wancan zamani ba, ba zai gane abin da nake kewa ba. Kujerun katako, kaji a ƙarƙashinsu, mata da tabarmi a tsakiyar tarago, kafin a kai Kafanchan kowa ya san sunan kowa. Mama Saratu ta ƙulle mana dambun nama da tuwon acca a kwanon sha, ta ɗaure da ɗankwali. A Kafanchan ne na fara ganin haƙoran Baba tun rasuwar Ishaku. Ya leƙa ta taga yana ciniki da mata masu sayar da gwaza da yarensu, yana tambayar wane da wance, har jirgi ya tashi yana ɗaga hannu.

A nan wani tsohon soja ya shigo ya zauna kusa da mu, Saje Audu, zai je Gombe. Da ya ji inda muka nufa sai ya buga cinyarsa.

"Ai mu nan mun fi su sanin magani. A ɗaure ɗan fashi a jikin durom, a tara jama'a, a buɗe masa wuta. Wanda ya gani ba zai ƙara ba."

Na ce, "Saje, ni a kotu nake aiki. Shekara nawa ana harbewa, kuma fashin bai ƙare ba? Har aljihun masu kallo ake yanka a wurin."

"To sai a bar su?"

"Ban ce ba."

"In ba don tsoratarwa ba, to don a biya jini da jini," in ji Saje. "Ko ba haka ba, Baba?"

Baba ya gyaɗa kai. Wani dattijo mai carbi da ke gefe ya sa baki, ya ce a shari'ar Musulunci ma ai zaɓi ake ba dangi, ko ƙisasi, ko diyya, ko afuwa, kuma afuwar ce aka fi yabawa. Baba ya dube shi ya ce, "Malam, mu ma haka Fasto yake faɗa mana kowace Lahadi. Amma Fasto yaransa suna nan duka."

Bayan Bauchi jirgi ya tsaya cak a dokar daji, wai kan jirgin ya yi zafi. Muka sauka, muka yi sallah a kan yashi, Fulanin rugar da ke kusa suka kawo fura da nono. Baba ya tafi bayan wani dutse kama ruwa, sai jirgi ya yi kuka ya fara motsi. Ina nan ina ihu, sai ga shi a guje, hannu ɗaya riƙe da wando, Saje Audu ya cafko shi ta ƙofa kamar buhun masara. Takalminsa ɗaya na can har yau. Tarago duka aka yi ta dariya, shi ma har da hawaye. Da silifas ɗin Saje ya ƙarasa Maiduguri.

A Maiduguri muka kwana gidan wani Babarbare abokin mai motar. Burabisko aka kawo mana da miya mai kauri, ɗakin kuma ƙamshin turaren wuta har cikin kayanmu. Da safe muka shiga motar fijo ta bi da mu Bama zuwa Banki, bakin iyaka.

Garin Banki rabi namu rabi nasu, sandar ƙarfe kawai aka gitta. A ɓangarensu wani jandarma, irin 'yan sandansu, mai jar hula ya nemi katin rigakafi. Nawa yana nan, na Baba kuwa babu, bai taɓa sanin ana yi ba. Aka ce sai an yi masa allura nan take. Mutumin da inji ya datse wa yatsu bai yi ƙara ba, sai ga shi yana ja da baya don allura, yana cewa, "Malam, gaya musu ba ni da ciwon komai." Sai da na riƙe masa kafaɗa ya rufe ido. Ina cikin yi masa dariya sai aka zo kaina. Mai cika takarda ya tambayi sunan ubana, na faɗa. Sai ya ce sunan uwata fa? Mu nan ina aka taɓa tsayar da magidanci cikin mutane a ce ya ambaci sunan mahaifiyarsa? Na sunkuya na raɗa masa a kunne, shi kuwa ya maimaita da ƙarfi don ya tabbatar. Baba ya ce, "Allah ya rama mini."

Marwa gari ne mai inuwa, bishiyoyin darbejiya jere a kowane titi, da kogi busasshe a tsakiyarsa inda mata ke tona yashi su ɗebi ruwa. Muka sauka a unguwar Hausawa kusa da kasuwa, gidan wani Alhaji mai saukar baƙi. Hausarsu ta sha Fillanci da Faransanci har sai ka kasa kunne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri a baya, mutum ya saƙale shi a hammata ba ko takarda. Baba ya ce wannan ai a Kakuri sai a kori ɓarawo da shi. A ƙofar masaukin akwai wata mata mai shayi, Hajja Kaltuma, doguwa, 'yar gudun hijira daga Chadi. Ita ta koya mana tsoma burodin cikin shayi ya yi laushi. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ƙara wa Baba shayi.

Washegari muka nufi kotu, muka yi ɓatan kai, ba mu isa ba sai da rana ta take tsaka. Muka tarar an kulle ko'ina. Ashe su can da tsakar rana kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, sai rana ta yi sanyi a dawo. Muna tsaye muna zufa sai wani dattijo mai farar riga da tabarau ya tura babur ɗinsa zuwa wurinmu. Na gaishe shi da Fillanci, fuskarsa ta saki. Sunansa Misye Hamadu, magatakardan kotun. Da ya duba takardarmu ya ce zaman sai gobe, amma ba zai bar baƙi daga Kaduna a rana ba. Gidansa ya kai mu, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi.

Da muka wanke hannu, Baba ya ce in tambaye shi kai tsaye ko za a kashe mutumin.

Misye Hamadu ya ce mai gabatar da ƙara kisa ya nema, amma alƙalai ne za su auna. Sunan mutumin Abakar. Ya amsa cewa shi ya yi harbin. Ya ce shugabansu ne ya umarce shi. Yana ɗan shekara sha biyar aka ɗauke shi daga ƙauyensu aka ba shi bindiga, bai san wata sana'a ba. Bayan an kama shi, shi ya kai jandarmomi inda suka binne sauran makamai.

"To in an ce umarni aka ba shi, shi ke nan ya tsira?" in ji Baba.

"A'a," in ji dattijon. Ya cire tabaransa yana gogewa. Ya ce bayan babban yaƙin Turawa, ƙasashen da suka ci nasara sun haɗu sun kafa kotu guda, suka gurfanar da manyan da suka sa aka kashe bayin Allah. A can aka tsayar da magana cewa faɗin an umarce ni ba ya wanke mutum, sai dai yana iya rage masa nauyi, kuma wanda ya ba da umarnin nasa ya fi yawa. Wasu aka rataye, wasu aka ɗaure, kowa daidai girman abin da ya aikata. "Mun karanta wannan a makaranta muna murna. Amma tun daga nan ba a sake kafa irinta ba. Yaƙi yana maƙwabtanmu shekara da shekaru, masu ba da umarni suna kwance a gidajensu. Sai wanda ya tsallako ya faɗo hannunmu, shi muke gani."

Na juya wa Baba duka. Ya ce, "Ni ba ruwana da manya. Wannan ne ya harbi Ishaku."

Ranar zaman, Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci da sabon takalmin da muka saya a Maiduguri. Alƙalai uku ne a zaune, da dogayen riguna, ba wanda ya ɗora farin gashin nan da namu suke sawa. Aka shigo da Abakar. Ni a raina ƙato nake jira, mai jan ido. Sai ga wani siriri, bai fi shekara ashirin da shida ba, wuyansa kamar a busa ya karye. Larabcin Chadi yake ji. Don haka maganarsa sai wani ya juya ta Faransanci, Misye Hamadu ya juya mini Fillanci a hankali, ni kuma in zuba wa Baba Hausa a kunne.

Na shekara goma sha biyu ina tafinta a lokacin. Na saba magana ta bi ta bakina ta wuce ba ta taɓa ni ba. Amma da Abakar ya fara bayanin yadda suka gitta icce a hanya, yadda Ishaku ya sauko hannu a sama, yadda shugabansu ya ɗora wa shi Abakar bakin bindiga a ƙeya ya ce harba ko in harbe ka, sai na fara tsallake wasu wurare. Baba ya damƙi gwiwata da hannun nan mai yatsu uku.

"Faɗi duka, Malam. Kada ka rage mini komai."

Na faɗi duka.

Sai babban alƙalin ya kira mahaifin mamaci, ya tambaye shi abin da yake nema daga kotu. Muka miƙe tare. Baba ya dubi Abakar, ya ce:

"Na taso daga Kaduna ne don in ga an harbe shi. Amma kafin nan ina da tambaya ɗaya. Ɗana ya yi magana kafin ya cika?"

Tambayar ta bi ta harsuna uku ta isa. Abakar ya sunkuyar da kai, ya ce ya yi. Ya ce kalma ɗaya Ishaku ya yi ta maimaitawa da wani yare, bai san ma'anarta ba, ya ɗauka tsinuwa ce yake yi masa, shi ya sa bai taɓa tambayar kowa ba, amma kullum yana jin ta. Alƙali ya ce ya faɗe ta. Ya ɗago, ya faɗa da bakinsa mai karyayyen lafazi:

"Ruwa. Ruwa."

Wannan ba ta buƙaci tafinta tsakanina da Baba ba. Alƙalin ne ya juyo gare ni ya ce in gaya wa kotu ma'anarta. Na faɗa da Fillanci, aka juya Faransanci, aka juya Larabci. Ina kallon fuskar Abakar lokacin da ta isa gare shi. Bakinsa ya buɗe. Ya kai hannu ƙugunsa yana lalube, ya faɗi wata magana, sai ya durƙushe a cikin akwatin masu laifi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Misye Hamadu ya raɗa mini, "Cewa ya yi gorar ruwa tana rataye a jikinsa a lokacin, cike."

Alƙali ya sake tambayar Baba abin da yake nema. Baba ya ce, "Da safen nan na sani. Yanzu ban sani ba. Ku ne masu littafi, ku duba." Ya zauna.

Sai bayan hutun rana suka karanta hukunci, kuma ba su faɗi adadi ba sai da suka faɗi dalili, abin da ya burge ni. Suka ambaci sunan Ishaku cikakke, da na ubansa, da garinsa. Suka ce an kashe mutumin da ya ɗaga hannu, ba laifin da ya fi wannan nauyi, kuma dole duk mai tsallako iyaka da bindiga ya ji cewa ba a yin haka a tafi salin alin. Suka ce umarnin shugaba bai wanke shi ba. Amma sun duba yadda aka ɗauke shi yana yaro, da bindigar da ke ƙeyarsa, da gaskiyar da ya faɗa, da makaman da ya tona, sun ga mutum ne da bai gama lalacewa ba. Ɗaurin shekara ashirin.

A waje Baba ya tambaye ni shekarun Abakar in ya fito. Na ce arba'in da shida.

"Zai iya aure ke nan. Ya haifu." "Ishaku yana da ashirin da takwas, a nan zai tsaya." Ban san ko fushi yake ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Da yamma muka zauna a bencin Hajja Kaltuma, na ba ta labari. Ta ajiye butar shayi ta dubi Baba, ta yi magana da Hausarta mai ɗingishi.

"Baba, naka an kira sunansa. Alƙali uku, takarda, hatimi, mutane suna ji. Ni mijina da 'ya'yana biyu, rana ɗaya, a bakin rijiya. Na san wanda ya aiko. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya rubuta. Ko shekara ɗaya aka ɗaure shi, in dai an faɗi sunansu a gaban mutane an ce an zalunce su, da na yi barci."

Baba ya tambaye ta sunayensu. Ta faɗa. Ya ce in rubuta masa a bayan katin rigakafinsa, zai kai coci a sa su a addu'a. Ta ce su Musulmi ne. Ya ce ya sani.

A hanyar dawowa Misye Hamadu ya haɗa mu da direban da ya san ƙauyen da abin ya faru, tsakanin Marwa da iyaka. Mai garin, wani tsoho mai jan rawani, shi da kansa ya kai mu bayan gari. Ya ce da suka tsince shi ba su san ko wane ne ba, suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi kamar nasu. Da ya ji Kirista ne sai ya rikice yana ba da haƙuri. Baba ya kama hannunsa biyu ya ce, "Gaya masa na gode. Addu'a ba ta ɓata hanya." Ya durƙusa a gaban kabarin ya rera wata waƙar coci da yarensu, a hankali, mu kuma muka ja gefe muka ba shi wuri.

Kwana uku muka yi kafin jirgi ya sauke mu a Kakuri. Kafin mu kai Unguwar Mu'azu labari ya riga mu, tsakar gida cike da abokan aikinsa na masaƙa da maƙwabta. Da suka ji shekara ashirin sai gardama ta kaure. Wani ya ce an cuci Baba, wani ya ce Faransawa ne suka ɓata su da sassauci, wani ya ce ɗaurin ya fi harbi zafi. Baba ya ratsa ta cikinsu. Ya wuce ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsu inda Mama Saratu take, ni ina tsaye riƙe da jakarsa.

Ba ta tambayi hukunci ba. Ta ce, "Ka gan shi?"

"Na gani."

"A rana yake?"

"A'a. Ƙarƙashin tsamiya. Sun jera duwatsu, sun sa ƙaya don dabbobi. Suna share wurin."

Ta gyaɗa kai sau biyu. Sannan ta ce, "Ya ce wani abu?"

Baba ya ɗago ya dube ni. Ni na dubi ƙasa, domin wannan karon ba aikin tafinta ba ne.

"Ya ce," in ji Baba. "Shigo ciki, Saratu, in gaya miki."

Na ajiye jakar a bakin ƙofa, na ja musu labule.